Wannan Karon Kawu Bai Tashi Ba

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Mai Kowa Mai Komai, Ƙungiyar Ma'aikatan Fim da Talabijin, a madadin Mai Girma Shugabanta, da Dattawan Kwamitin Amintattu, da ɗaukacin membobinta, tana sanar da samun labarin rasuwar dattijonmu kuma abokin aikinmu, wanda kowane gida ya sani da Kawu Sha-Mutuwa, ranar Litinin da hantsi bayan gajeriyar jinya. Ga masu bugo waya ofis suna tambaya ko tallar sabon fim ce, wallahi ba talla ba ce.

Ba mu ga laifin masu tambayar ba. Shekara talatin da ɗaya marigayin ya yi a gaban kyamara bai taɓa fitowa a jarumi ba, bai kuma taɓa nema ba. Shi ne maigadin da 'yan fashi ke fara bugewa, shi ne direban da birki ke ƙwace wa, shi ne uban da ke cikawa tun a minti na goma don jarumi ya samu abin kuka. A ƙirgarmu sau arba'in da bakwai ya mutu, kuma kowace faɗuwa da irin salonta. Yakan tsokani samarin jarumai cewa su dai su yi ta shafa mai, shi aikinsa daga kwance yake yi. Amma duk wanda ya yi aiki da shi ya san bawan Allahn nan yakan kwanta awa biyu a kan siminti, ƙuda na yawo a fuskarsa, ko ƙifta ido ba ya yi, don kada a sa yara maimaita ɗauka.

Akwai abin da 'yan kallo ba su sani ba. Ranar da aka fara nuna mutuwarsa a talabijin, mahaifiyarsa, Iya, ta yanke jiki ta faɗi, sai da aka yayyafa mata ruwa. Tun daga ranar, duk sa'ad da za a nuna fim ɗin da zai mutu a ciki, sai ya ajiye kowane aiki, ko darakta zai yi ta kumfar baki, ya je ɗakinta ya zauna a ƙasa jikin kujerarta, ta dafa kansa har a gama. Yau Iya ta haura tamanin. Ranar Alhamis mai zuwa za a nuna kashi na ƙarshe na wasan da ya fito a ciki, a nan ma mutuwar ya yi, kuma babu kan da za ta dafa.

Mun roƙi tashar talabijin ɗin ta jinkirta, ta kuma amince, amma Iya ta ce a'a, aikin ɗanta ne, a nuna. Abu ɗaya ta nema. Ta ce ya sha gaya mata da zarar darakta ya ce a tsaya yakan miƙe, ya kakkaɓe riga, ya tambayi ina shayinsa, ita kuwa ba a taɓa nuna mata wannan wajen ba.

Saboda haka ƙungiya tana roƙon masu girma furodusoshi, da daraktoci, da masu tace fim, su binciko tsofaffin kasa-kasai da na'urorinsu, su kawo ofis duk wani guntun da aka yanke inda Kawu ke tashi, komai gajartarsa, kafin yammacin Laraba, don mu haɗa mu nuna wa Iya. Zuwa yanzu uku kacal muka samu. Don girman Allah, kada kowa ya ce sai ya samu sarari.

Muna addu'ar Allah ya ba Iya, da maiɗakinsa, da 'ya'yansa biyar, da mu kanmu haƙurin wannan babban rashi. Sau arba'in da bakwai mu ne muka ce ya tashi, ya tashi. Wannan karon ba mu da iko. Mai ikon muke roƙo ya gafarta masa, ya tashe shi cikin rahama.

Sa hannu:
Wanda marigayin ke kira Ɗan Takarda,
Sakataren Yaɗa Labarai kuma Kakakin Ƙungiya.