Askar Baba da Ƙotar Roba

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya jikin Malam, ya yara? Mu nan Lugbe ta Abuja lafiya, sai dai raina a ɓace yake.

Ranar sunan jikana na aika garin Jiwa a kira Ɗanlami ɗan Kawu, tunda shi muka damƙa wa askar Baba don askin jikokin gidanmu. Kin san ƙotarta ta ƙaho ce, da ƙusar tagulla da Baba ya doddoke gefe biyu, inda ka buɗe askar nan take tsayawa. Sai Ɗanlami ya zaro ta da ƙotar roba, an ɗaure da noti. Na ce, "Ina ƙahon?" Ya ce, "Hajiya, Abuja ce, an ci gaba." Duk karatuna ban taɓa ganin inda aka kira roba ci gaba ba.

Yana kaiwa bayan kunne notin ya saki, askar ta karkace ta yanki yaron. Jinin ya tsaya, amma uwarsa har yau ba ta kallona. Ashe wani dillalin kayan tarihi Ɗanlami ya sayar wa ƙahon. Kuma ya san notin na kwancewa, matarsa ta ce kullum sai ya matse shi da bakin wuƙa.

Na karɓe askar. Zai kira ki ki ba ni haƙuri, kada ki soma. Ki ce wa Malam ya sa yaron a addu'a. Ki gaida kowa har Kawu, ki faɗa masa ɗansa ba zai sake taɓa kan jinin Baba ba.

Ƙanwarki,
Bilkisu