Ƙarfe Ne Kawai

Litinin, 2 ga Satumba, 2024

Yau Allah ya kawo mini tsohon abokina Falalu har gida, ba tare da ya tako Manchester ba.

Matata Khairat ce ta gama waya da matarsa Bilqis, tana zuba mini shinkafa tana ba ni labari. Wai Falalu ya ga wata tsohuwar mota a bayan garin Birmingham, wata biyu ke nan ba shi da zance sai nata. Ƙirar 1955, irin waɗanda Turawa ke sare wa rufi su rage musu tsawo, su cusa musu ƙaton inji. Sau huɗu yana zuwa ganinta. Matar da ke sayarwa ta ce za ta jira shi zuwa ƙarshen wata. Na ce madalla, na ci gaba da cin abincina. Khairat ta tsaya tana kallona da cokali a hannu. Shekara tara muna tare, ta san madallar da ba ta Allah ba ce.

Kafin in wanke hannu na nemo tallar a intanet. Tana nan, ba a cire ba.

Talata, 3 ga Satumba

Bari in rubuta, kada gobe zuciya ta yi sanyi in manta dalili.

Shekara biyu da wata biyar muka yi ni da shi a garejin haya na Gorton, nan Manchester, duk Asabar, muna tayar da wata tsohuwar mota da muka sa wa suna Shuɗiya. Muna ɗalibai a lokacin, sanyi na cin yatsunmu, shayi a fulas ɗaya. Shi ya iya walda da wayoyin lantarki, ni kuma inji. Sau uku na kwance kafiretonta da hannuna na mayar. Saura fenti da kujeru, Inna ta rasu. Na tafi Zariya da niyyar mako uku, ciwon Baba ya mayar da shi wata uku. Na dawo na tarar da baƙon kwaɗo a ƙofar gareji. Ashe Falalu ya sami aiki a Birmingham, mai gareji ya matsa a kwashe kaya, shi kuma ya kira 'yan gwangwan suka ɗauke ta. Bai kira ni ba. Wai ba ya so ya dame ni ina zaman makoki.

Da na tare shi a ƙofar masallaci, a gaban mutane ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba Sha'aban, ƙarfe ne fa kawai."

Shekara biyar ke nan. Ya yi ta kira da farko, ban ɗaga ba, har ya gaji. Ba na ƙinsa, na sha gaya wa Khairat. Ina dai so ya ɗanɗana.

Alhamis, 5 ga Satumba

Na kira mai motar. Sunanta Zoe. Mahaifinta ne ya haɗa ta, ya rasu bara bai gama ba. Ta ce akwai wani mutum mai kirki da ke so, yakan zo ya zauna a ciki ya riƙe sitiyari kamar yaro. Na tambaya ko ya kafa wani abu, ta ce a'a, magana ce kawai. Na ce ni jibi zan ɗauke ta, kuma ba zan nemi ragi ba. Sai ta ce gaskiya an sayar da gidan, ana jiran ta kwashe garejin. Na kusa yin dariya. Gareji ne dai kullum ake so a kwashe.

Ta ce bari ta kira shi ta ba shi haƙuri. Na ce ta bari, na san shi, ni zan gaya masa da bakina. Ban yi ƙarya ba.

Khairat ta ji komai daga kicin. Ta jira har 'yarmu Hana ta shiga ɗaki, sannan ta ce, "Abban Hana, ka fi ni sani, an hana ciniki a kan cinikin ɗan'uwa." Na ce ai bai biya deposit ba. Ta ce ba ta ji an ambaci deposit a hadisin ba. Na tashi na bar mata falon. Abin haushi da mace mai karatu ke nan.

Juma'a, 6 ga Satumba

Inshora ta kammala. Tikitin jirgin ƙasa, zuwa kawai.

Ga yadda za a yi. Duk Asabar ɗin farkon wata Hausawan Birmingham suna haɗuwa a gidan Falalu a Sparkbrook bayan azahar, a yi ɗan karatu a ci tuwo. Kuma kowa ya sani, wanda ya yi sabuwar mota yakan kai wa manya su sa albarka, ba mai iya ƙin fitowa. Gobe Falalu zai tsaya a ƙofar gidansa, a gaban baƙinsa, ya yi wa motarsa addu'a a hannuna. Ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi.

A sahun baya na yi sallar Juma'a, na fita da wuri.

Asabar, 7 ga Satumba

Ƙarfe huɗu da kwata. Ina zaune a tashar hutawa ta babbar hanyar M6 bayan Stafford, murfin inji a buɗe, ina jiran ta huce. Tunda littafin yana jaka, bari in rubuta.

Da safe na karɓe ta. Ba ta da fenti, toka-toka ce, tsatsa ta ci gindin ƙofofi. Kujera biyu, ɗaya da bargo a kanta. Allurar mai ba ta motsi. Amma da na murza makulli, silinda takwas suka amsa, sai da tattabarun unguwar suka tashi. Nan take na sa mata suna Gwaggo: ga tsufa ga faɗa. Zoe ta share hawaye, ta ce in gaida mata mutumin nan mai kirki.

Tuƙa ta aiki ne. Sitiyari kamar ana juya dutsen niƙa, birki sai ka taka ka ƙara da addu'a. Zafin inji yana hawowa ta ƙasa yana gasa mini ƙafa. A Stratford Road na shiga tsakanin bas biyu, mutane suna fitowa daga shaguna suna ɗaukar hoto. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ban ko buga ƙofa ba, totur biyu na ba ta suka fito. Mutum ya kai goma sha biyu. Baba Abdulsalam, tsohon likitan nan da kowa ke girmamawa, shi ne a gaba. Na durƙusa na gaishe shi, na ce na yi ɗan abin hawa ne na kawo a sa albarka. Ya zagaya ta yana dariya, ya yi addu'a mai tsawo, aka shafa. Sai ya juya, da zuciya ɗaya, ya ce, "Falalu, wannan ba irin wadda kake ba mu labari ba ce?"

Falalu na tsaye a bakin ƙofa da kwanon miya a hannu. Ya rame, ga furfura a gemu, ban san ya yi ba. Ya ce, "Ita ce, Baba."

Na ga sanda kowa ya gane. Baba Abdulsalam ya dube ni, na dubi taya.

Falalu ya ajiye kwanon a kan katanga, ya zo ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin inji, ya daɗe. Ya ji zafin, na gani da idona, kuma abin da na zo gani ke nan. Ya ce Allah ya tsare, Allah ya sa in more ta. Ya shiga gida. Na ɗauka shi ke nan, sai ga shi da kwali, ya ajiye a kujerar mai zaman banza. Ya sunkuyo ta taga ya ce, "Kada ka hau motorway da ita. Top hose ɗin ya mutu, ba zai ɗauki zafi ba. Bi ƙaramar hanya, A34, a hankali."

Na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce, "Kada ka damu, Falalu. Ƙarfe ne fa kawai."

Shekara biyar ina ajiye da maganar nan. Ta fita daidai yadda na so. Ya gyaɗa kai ya ja da baya. Na ja Gwaggo da ƙara, na nufi M6 kai tsaye, don kada ya ce shi ya nuna mini hanya.

Daɗin ya raka ni har wajen Walsall. Daga nan sai na fara jin yunwa, na tuna ban ci tuwon ba.

Bayan Stafford allurar zafi ta haye. Wari ya fara, irin na tukunyar da ta ƙone. Sai fus, tururi ya rufe gilashi, manyan motoci suna wuce ni suna danna oda. Na leƙa kai ta taga ina salati, na lallaɓa ta da ƙyar har na shigo nan. Tiyon lagireto na sama ya tsage, tsawon yatsa. Daidai wanda ya faɗa. Masu janwe sun ce sai nan da awa uku.

Kwalin yana nan. Ba zan buɗe ba.

Lahadi, 8 ga Satumba

Na buɗe.

Sabon tiyo, daidai nata, da kilif biyu. Bel, fulogi takwas a kwalinsu, galan na ruwa, sukundireba. Mutum ya sayi kayan motar da bai mallaka ba tukuna. Wawa. Ko dā haka yake, shi ya saya wa Shuɗiya madubi tun ba ta da ƙofa.

Minti ashirin na ɗaura tiyon, na cika ruwa, na kira masu janwe na sallame su. A mahaɗa ta gaba na sauka na bi A34 ta Congleton. Ba don shi ya faɗa ba, hankali ne ya ba ni. Na kafa wa allurar zafi ido har unguwarmu Whalley Range, ba ta ƙara hawa ba. Na iso kafin magariba, baya na ciwo, riga duk baƙin mai. Hana ta ce motar tana wari. Khairat ta leƙo ta taga, ta ce sannu da hanya, ta saki labule.

Akwai takarda a ƙasan kwalin. Jerin ayyukan da za a yi wa motar, da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza, an sa kwanan wata 20 ga Yuli. Walda a ƙofofi, wayoyin fitila, birki, kujeru. Kowane da alamar F a gefe. Layin ƙarshe ne kawai babu F: "Kafireto, sai Sha'aban. In ya ɗaga waya."

Ƙila jiya ya ƙara layin da ya shiga gida, don ya kunyata ni. Zai iya.

Litinin, 9 ga Satumba

Biro ɗaya ne ya rubuta duk layukan. Kuma ɗigon man da ya ɓata layin birki ya ɓata na ƙarshen, ya bushe tuntuni. Na duba da fitilar waya. Wannan ba ya nufin komai.

Laraba, 11 ga Satumba

Bilqis ba ta kira ba tun Asabar. Da kullum sai sun yi waya, duk shekarun nan da mu maza ba ma magana. Khairat dai sai duba wayarta take yi tana kifewa. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Baturen flat ɗin ƙasa ya yi ƙorafin ƙara, na ba shi haƙuri. Na tashi Gwaggo na saurare ta minti biyu kawai. Ya yi gaskiya, kafireton yana shan mai fiye da kima. Aikin rabin yini ne a wurina.

Asabar, 14 ga Satumba

Na gyara kafireto. Tana numfashi lafiya lau yanzu. Na ɗago kai in ce a ba ta wuta in ji, sai na tuna ni kaɗai ne a wurin.

Fitilun baya sun mutu. Na buɗe ƙarƙashin sitiyari na tarar da wayoyi kamar taliya, duk launi ɗaya. Awa biyu ina bi, na ƙona fis uku. Ban taɓa iya wayoyi ba, kowa ya sani.

Har yanzu ina kan bakana: shi ya fara. Bai taɓa cewa in yi haƙuri ba. Ko da yake ban ɗaga ba balle in ji abin da zai ce.

Talata, 17 ga Satumba

Na biya ta kasuwar Gorton na yanko wa Gwaggo makulli na biyu. Mutum yakan yar da makulli, hikima ce a ajiye wani. Na sa shi a ambulan don kada ya ɓace a aljihu, tare da takardar nan tasa, tunda tasa ce, bayan na soke layin ƙarshe na rubuta "an yi". Adireshin Sparkbrook da ke bayan ambulan ɗin, alƙalami nake gwadawa.

Kan sarki kuwa na saya ne don gidan waya yana kan hanyata.