Inshorar Babur Ɗin Yaya Jibrin

Tsibiri, 1979

Zuwa ga Yayata Taibatu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da mutanen Bakura duka. Inna tana gaishe ki, ƙafar ta yi sauƙi.

Albishirinki, Yaya Jibrin ya sayi babur da kuɗin aikinsa na madatsar ruwa. Abokansa sun ce 'yan sandan hanya ba sa barin wanda ba shi da inshora, sai ya ɗauke ni zuwa Mafara in duba masa takardar. Akawun kamfanin inshorar, Malam Yunana, ya ce iri biyu ce. Babbar tana gyara babur ɗinka da abin da ka ɓata wa wani. Ƙaramar kuwa kayan mutane kawai take biya. Yaya ya ce a ba shi ƙaramar, wai shi ba ya faɗuwa. Na so in tuna masa sau biyu muka sauka ba shiri a hanya, amma Malam Yunana yana kallona, sai na sunkuya.

Da muka dawo, Gwaggo Marka ta sa na fassara mata. Ta ce, "Ko tulu za su biya?" Na ce i. Ta ce, "Ko tsohon tulu?" Na ce takardar ba ta faɗi shekaru ba. Ta yafa zane ta fita.

Yaya Taibatu, ranar Asabar ta sama zan yi jarrabawar shiga makarantar 'yan mata a Mafara. Kin san mota ba ta biyowa nan sai Talata, don haka babur ɗin nan ne kaɗai hanyata. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Zainabu

Zuwa ga Yayata Taibatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan zazzaɓin yarinyar ya sauka.

Lungunmu ya zama kasuwar tsummoki. Kowa ya ji kamfani yana biya, kowa ya fito da abin da ya gaji da shi. Fasassun tukwane sun jeru tun daga ƙofarmu har masallaci. Hindu mai fura ta ɗaure kazarta da ta daina ƙwai a tsakiyar hanya, tana watsa mata dawa don kada ta gusa. Baba Balarabe ya kawo jakinsa mai ido ɗaya, ya zauna kusa a tabarma yana jan carbi. In Yaya ya fito sai ya ce, "Jibrin, ka ba ta wuta mana! Wannan tafiya ai ko hawainiya ta fi ka."

Gwaggo ta ji cewa kayan gidanmu ba sa cikin biya, sai ta kai tsagaggen turminta gidan Hindu, wai ta ba ta kyauta har zuwa ranar da za a take shi.

Yanzu Yaya tura babur yake yi har bayan gari, yana gumi, yara suna binsa. Jiya ya ce ya gaji, Asabar hutawa zai yi. Na shiga ɗaki na yi kuka. Inna ce ta yi masa magana ya yarda.

Ƙanwarki,
Zainabu

Zuwa ga Yayata Taibatu,

Gaisuwa mai yawa. Ki yi haƙuri da jinkirin wasiƙa, hannuna ne ya ɗan kumbura.

Ranar Asabar Yaya ya rantse ba zai tura babur a gaban ƙanwarsa ba. Muka hau. Ya kauce wa tukwane, ya kauce wa kaza, ya wuce ta ƙarƙashin wuyan jaki, Hindu tana ihu, "Ga ta nan, ba ka gani!" Da muka fita gari ya waiwayo yana yi musu dariya, sai muka zarce cikin gonar albasar Malam Abdu, mutumin da ko ƙwarya bai ajiye a hanya ba.

Babur ya lanƙwashe. Yaya ya zauna cikin laka yana shafa fitilar. Na ga rana tana ta ɗagawa. Can sai ga tifar kamfanin madatsar ruwa. Yaya Taibatu, ban san lokacin da na tsaya a tsakiyar hanya ina ɗaga hannu ina kururuwa ba, ni da ko a aji ba a jin muryata. Direban, wani Ayuba, ya kai ni har ƙofar makaranta. Na rubuta komai, sai dai yarinyar da ke kusa da ni ta yi ta toshe hanci.

Kamfanin inshora ya biya Malam Abdu albasarsa. Gyaran babur kuwa, Malam Yunana ya ce ai ƙarama aka zaɓa. Baba Balarabe ya daina gaisawa da Malam Abdu, ya kuma fara shuka albasa a bakin hanya.

Jiya sunana ya fito, an ɗauke ni! Yaya ya yi murna ƙwarai, ya ce babur ya kusa fitowa daga wurin gyara, shi da kansa zai kai ni da akwatina. Don girman Allah ki roƙi maigidanki ya riga shi zuwa da kekensa. Ni na kasa ce masa a'a.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Zainabu