Tulun Ruwan Sama na Biyu

Zuwa ga Shadliyya, sanyin idona, farin wata sha kallo, inuwar zaitun da rana tsaka, wadda sunanta ya fi dabinon kaka zaƙi a bakina.

Ina fatan kina lafiya, ke da Gwaggo Mabruka da duk mutanen Zagwan. Mu nan Jarba sai godiya. Teku ta kwanta, baƙi sun ragu, tukwanena suna fitowa daga wuta ba ko tsaga. Abu ɗaya ya rage mini a duniya, kin kuwa san shi.

Kin tuna ranar da na zaga da ku tsibirin nan? Ni dai ko takunki ban manta ba. Na kai ku tsohuwar ganuwar bakin teku, Gwaggo ta zauna a ƙasa, wai ita ba ta tsallako ruwa don ta hau matakalar matattu ba. Ke kika hau, iska ta kama gyalenki, sai na ga duk yaƙin da aka sha a kan ganuwar nan ashe shiri ne na tsayuwarki a kanta! A kasuwar kifi mai gwanjo ya hango mu daga doguwar kujerarsa, ya ɗaga kifi a igiyar kaba, ya ce yau Jilani ya zo da baƙi, ƙila hannunsa ya buɗe. Kika rufe baki kina dariya. Na yafe masa saboda dariyar nan.

Da muka hau tudun ƙauyenmu Gallala, muka shiga gidan tarihi, ni burina ki tsaya gaban raƙumin amarya ko ki gane inda na dosa. Kika wuce shi kamar ba ki gani ba, kika je kika tsaya gaban randuna. Wace mace ce za ta bar raƙumin amarya ta tsaya kallon yumɓu, in ba wadda Allah ya rubuta wa magini ba? Nan na faɗa miki abin da ba na ɓoye wa kowa: da ɗaukar yumɓu daga rami na fara, karatuna bai yi nisa ba, ba wanda ya bar mini ko murfin tukunya, amma yau randunana har ƙetaren teku ake kai su.

Sai shayi ya ɓata mini rana. Kika kurɓa, kika ajiye. Gwaggo ce ta furta abin da kunya ta hana ki faɗa: «Ɗan nan, 'yar da ta tashi a bakin idon ruwan Zagwan za ka shayar da gishiri?» Ke kuma kika ce a hankali, mutumin ba laifi, tsibirin ma haka, amma tsufa a inda shayi ke da gishiri sai an yi tunani.

Gaskiyarki, ya ƙoramar zuciyata. Ruwanku har Rumawa sai da suka gina masa hanya, rijiyoyinmu kuwa 'yan uwan teku ne. Amma kin tuna farin dandamalin nan na harabar tsohon masallaci, wanda kika tambaye ni amfaninsa? Da shi kakanninmu suke tare ruwan sama su tura shi ƙarƙashin ƙasa. Irinsa na yi miki a gidana. Na haƙa, na daɓe, na shafe rufi da dandamali da farar ƙasa har sai da suka riƙa kashe ido. Maƙwabcina Baba Sasi kullum sai ya leƙo ta katanga, wai samari na kai wa 'yan mata zinariya, Jilani na haƙa rami. Na ce masa zinariya ba ta dafa shayi.

Ruwa ya sauka, Shadliyya! Sai dai a nan ba a riƙe ruwan farko. Shi ke wanke ƙurar rufi da kashin tsuntsaye, dole a kauce masa ya tafi. Na tsaya ina kallonsa yana kwarara cikin yashi, raina na cewa, in na biyun bai zo ba fa? Wallahi ban taɓa sakin abu da hannuna ya yi mini ciwo haka ba, sai ranar da na raka ki jirgin fito. Na biyun ya zo da safiyar Juma'a. Na zauna bakin ramin ina jin sa yana zuba, kamar ana kiran sunanki daga ƙarƙashin ƙasa.

Tulun da direba Burawi zai miƙo miki tare da takardar nan da hannuna na gina shi, ga shatin babban yatsana a gindin mariƙinsa. Na biyun ne a ciki. In kin ga yana tsattsafo kada ki ce ya fashe. Haka yumɓunmu yake, da zufa yake sanyaya abin da ya riƙe, kamar mai shi.

Ki dafa shayi da shi, ki fara ba Gwaggo, tunda ita ce alƙali. In da gishiri, ki riƙe tulun, ni kuma in jira wata damina, ba zan gaji ba. In babu, to ki sani tulun Gallala ba ya komawa gida ta hannun direba. Mai shan ruwan ce ke kawo shi.

Naki, muddin sama na zubarwa ƙasa na riƙewa,
Jilani magini, Gallala.