Ba Zan Koma Gidansa Ba, Kawu

Zuwa ga Kawuna,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kana lafiya kai da iyali, kuma ciwon gwiwar nan ya sassauta. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Mu nan lafiya lau. Inna ta warware har ta koma zuwa sujadar safe, Auta kuma ya samu aiki a garejin gyaran motoci, yanzu ko gaisawa za ku yi sai ya shafa maka baƙin mai.

Saƙonka ya iso ta bakin Gwaggo, wai in janye ƙarar da na kai kotun coci in koma ɗakina, domin a gidanmu ba a taɓa raba auren coci ba. Kawu, tun ina ƙarama ban taɓa musa maka ba. Amma wannan karon ba zan koma ba, kuma gara ka ji dalili daga bakina.

Ka san shekarun da na yi ana kirana juya. Babu asibitin da ban taka ba, babu ɗacin da ban haɗiya ba, mijin nawa kuwa yana gefe yana ba ni haƙuri. Wata rana yayarsa ta zo kitso shagona. Ta zauna a gabana, ina tsaga mata gashi da kibiya, sai idonta ya kai kan kwalaben maganina jere a kan tebur, ta fashe da kuka. Ta ce tun kafin ya nemi aurena likita ya gaya masa ba zai haihu ba, sanadin wani ciwo da ya yi yana saurayi, kuma ya sa danginsa suka rantse kada in ji. Na ƙarasa mata kitson tsaf, sannan na rufe shago.

Na je wurin Fada, limamin cocin da ke kula da shari'ar aure, a wani ɗan ofis bayan coci. Bai yi min daɗin baki ba. Ya ce rashin haihuwa kaɗai ba ya ɓata aure, kuma a dokar coci yawanci abin da aka ƙulla bisa yaudara yana nan tsaye sai alƙali ya warware shi. Amma aure daban ne. Idan mutum ya ɓoye da gangan abin da zai dagula zaman aure, don kawai a amince masa, to wannan amincewa sace ta aka yi, auren ma bai ƙullu ba tun farko. Ya ce sai na kawo shaidu, kuma in shirya shan surutu.

Yayar mijin nawa ta tsaya ta ba da shaida, duk da danginta sun daina gaishe ta. Shi ma da aka kira shi bai musa ba. Ya ce da ya faɗa da na kuɓuce masa, wai so ne ya sa. Kawu, ban san abin da zan zaɓa ba da ya gaya min gaskiya, amma da ni ce zan zaɓa.

Saƙonka ma ya makara, hukunci ya riga ya fito: babu aure tsakaninmu, ba a kuma taɓa yi ba. Saboda haka ban raba komai ba. Ranar Lahadi na zauna a layin gaba, matan zumunta suna ta zunɗe, na tashi na karɓi jikin Almasihu kaina a ɗage. Idan kunya ake neman mai ɗauka, a kai wa wanda ya zuba min ido ina shan magani ba ni da ciwo. Ni ba zan ɗauka ba.

Ka gaishe min da matarka Mama Babba, da Yaya Dogo, da 'yan biyu. Inna tana gaishe ka, ta ce in gaya maka tana bayana.

Taka har kullum,
'Yar ƙanwarka mai kitso