Gonar Bakin Ruwa da Na Sayar wa Malam Gideon

Zuwa ga Yaya Tanko, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti Zahra'u da yara. Mu nan Yelwa lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi wa awakinta faɗa.

Yaya, na daɗe ina juya wannan magana, kunya ta hana ni kiranka a waya. Gonarka ta bakin ruwa a Ngaski, wadda ka wakilta ni na sayar wa Malam Gideon, tsohon malaminmu na firamare, ita ce ta jawo. Ranar da muka je duba ta da bazara, tafki ya janye can nesa. Ya tambaye ni ko ruwa na kaiwa nan, ni kuma na bugi ƙirji na ce bai taɓa kaiwa ba. Wallahi ban yi niyyar cutarsa ba, amma ban sani ba na faɗa. Ga bukkokin masunta muna hango su, girman kai na ɗan gari ya hana ni ƙarasawa in tambaya.

Ya shuka shinkafa, ta yi kyau har ta fara fitar da kai, sai tafkin ya ciko ya shanye ta ƙurmus. Da na je, tsoho Ɗangana masunci ya nuna mini shatin ruwa a jikin giginyar gonar, sama da kaina. Ya ce wanga wuri ai kowace shekara nan suke zuba taru, mi ya hana in tambaye su?

Yanzu Malam ya kai ƙara, yana neman a warware cinikin. Lauyan da na gani ya ce ko ba da gangan ba ne, wanda ya tabbatar da abin da bai bincika ba, aka yi ciniki a kan maganarsa, laifi ya hau kansa. Sai ya rage murya ya ce tunda ba a rubuta a takarda ba, kuma mu biyu ne kaɗai a wurin, in na musa shi ke nan.

Ran Litinin da ta wuce alƙali ya tambayi Malam shaidunsa. Ya ce bai zo da kowa ba, ni Habibu zan faɗi abin da na faɗa masa, don shi ya koya mini karatu.

Yaya, ranar Alhamis za a koma, kuma zan amsa cewa na faɗa. Na san kai abin zai fi taɓawa, tunda kuɗin gonar sun riga sun shiga rufin ɗakin Inna. Ba izini nake nema ba, gafararka nake nema.

Ka gaishe da Anti Zahra'u, da Hamza da Shamsiyya. Inna da Barira suna gaishe ku.

Ƙaninka mai laifi,
Habibu