Baba Ya Aurar da Fitila

Agye, ranar Litinin

Zuwa ga Yaya Ubaidullahi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Munira da yara, da fatan rigakafin shanu bai cinye ka ba. Na kira wayarka har na gaji, kullum a rufe, shi ya sa na ba direban Gidan Sori wannan takarda tare da littafin Baba. Ya fito. Amma kar ka yi saurin murna.

Tunda kai ba ka san komai ba sai shanu, bari in tuna maka. Jirgin Gamzaki shi ne shirin nan na tele da nake hana kowa magana in ana yinsa. Jirgi ne da ya bar duniya bayan ruwan sama ya ƙaurace mata, ɗauke da manoma da irin hatsi, suna neman wata duniyar da ake damina. Ranar da masu shirin suka je har Gangara suka roƙi Baba ya rubuta littafin abin da ya faru tsakanin zango na biyu da na uku, saboda wasannin rediyon da ya yi a da, na fi kowa rawar kai. Babu malami a lakol ɗin da nake koyarwa da ban cika wa kunne ba.

Yaya, Baba ya aurar da Gimbiya.

Gimbiya fa ba mutum ba ce! Ƙwaƙwalwar jirgin ce. Wata koriyar fitila ce a jikin bango, tana ƙyaftawa in tana magana, muryar mace kawai aka ba ta. Baba ya sa mata lalle, ya ɗaura mata kallabi, ya kai ta ɗakin Kumandan Rabilu har da guɗa. Kumandan ɗin da hannunsa na dama ƙarfe ne tun fashewar injin, wai shi ne ya ji ɗumin tafinta a cikin nasa. Duniyar da suka sauka rana biyu gare ta, dare ba ya yi, amma Baba ya zaunar da su hira a farin wata. Wanda ya fi kashe ni shi ne Ɗan Azumi makanike. A ƙarshen zango na biyu ya yanke igiyarsa don jirgi ya tsira, ya yi ta nisa har ya ɓace, duk garin nan sai da aka yi kuka. To ga shi nan a wurin ɗaurin aure yana raba goro.

Na karanta baki buɗe, na koma baya na sake, wai ko ni ce ban gane ba. Ashe masu shirin don saurin ƙaddamarwa ko buɗe shi ba su yi ba suka miƙa wa maɗaba'a. Yanzu a zauren masu kallo na waya ba abin da ake sai dariya. Ɗalibaina suna tambayata ko Gimbiya za ta haifi tocila.

Ba dariyar ce ta dame ni ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana buga takardun buro, wato ofis, ba a taɓa maido masa da ko ɗaya ba, shi ne zai yi wannan? Ina tsoron ko ruɗewar tsufa ce ta fara taɓa shi. Don Allah ka karanta ka gaya mini.

Ƙanwarka,
Samira

*

Gidan Sori, ranar Juma'a

Samira uwar rigima,

Wa alaikumus salam. Munira na amsawa, ta ce ki sassauta wa kanki.

Na karanta shi a gindin gawo ina jiran makiyaya su koro shanu, kuma wallahi sai da aka yi mini magana sau da yawa kafin in ɗaga kai. Ni dai wannan Gimbiya ta kwanta mini a rai. Mace mai hankali, ba ta katse mutum, ta san inda komai yake. In har a tele fitila ce, to masu telen ne suka yi asara.

Batun ruɗewa kuwa ki cire shi. Kwanan baya da muka yi waya, sai da ya lissafo mini iyakar gonarmu ta bakin fadama tun daga kan kakanmu, da sunan kowane maƙwabci. Mai ruɗewa ba ya haka. Kin dai san Baba, ba a ce masa ga yadda za ka yi. Ina jin labarinsu ne bai gamshe shi ba, ya gyara musu.

Ki rubuta masa. A waya gaisuwa kawai za ki samu, ya ce miki magana mai nauyi ta takarda ce. Amma ki tausasa harshe, kar ki yi masa irin gyaran da kike wa yaran lakol.

Ki gaida maigidanki.

Yayanki,
Ubaidullahi

*

Agye, ranar Lahadi

Zuwa ga mahaifina, Malam Zakariyya,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Gwaggo Shatu.

Baba, na karanta littafi. Hausarka tana nan yadda na san ta. Sai dai akwai abubuwan da suka saɓa da shirin, kuma mutane suna ta magana. Gimbiya fitila ce, ba ta da jiki. Ɗan Azumi ya rasu. Hannun Kumandan na ƙarfe ne, kuma a can dare ba ya yi. Ban rubuto don in gyara maka ba, ban isa ba. Ina so ne in ji daga bakinka ko da gangan ka yi, don in san abin da zan ce in an tambaye ni. Raina bai kwanta ba, Baba.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Ɗiyarka,
Samira

*

Gangara, ranar Laraba

Zuwa ga ɗiyata Samira,

Aminci ya tabbata a gare ki. Bayan haka, takardarki ta iso hannuna lafiya, kuma na yi farin ciki ƙwarai da yabon da kika yi wa littafin. Na san ke ce mai ƙaunar shirin nan fiye da kowa, don haka jin cewa ya gamshe ki ya fi mini duk abin da masu shirin za su ce.

Na tabbata auren Gimbiya ne ya fi faranta miki rai. Tun da na fara bin shirin na lura yadda Kumandan ke sassauta murya in yana mata magana, ita ma ba ta taɓa barinsa ya kwana da damuwa ba. Na ce bai kamata a bar su haka ba.

Gwaggonki tana gaishe ki. Hatsi ya yi kyau bana, wake ne dai tsutsa ta taɓa. Game da zuwanki hutu kuwa, ina ganin

*

Agye, ranar Alhamis

Yaya,

Salamu alaikum. Ka yafe mini gajeriyar gaisuwa.

Ga takardar Baba nan na haɗo maka da kwafin tawa. Ka karanta tawa, ka karanta tasa. Ban yabe shi ba, Yaya. Na ce masa Gimbiya fitila ce, ya amsa mini da cewa aurenta ya faranta mini rai. Bai karanta ba. Abin da yake zaton zan rubuta shi ya amsa.

Sannan ka dubi inda rubutun ya tsaya. Da farko na ɗauka wani ne ya kira shi ya manta. Da na karkata takardar wajen hasken taga sai na ga sawun haruffa har ƙasan shafi. Ƙyallen tawadar mashin ɗinsa na buga rubutu ne ya bushe, shi kuwa ya ci gaba da bugawa. Na goga fensir a kai na karanta sauran. Cewa ya yi kar in wahalar da kaina da zuwa hutu bana, hanya ba ta da kyau. Ya yi sallama, ya buga sunansa, ya ninke farar takarda ya ba direba.

Na ɗauko katin da shirin ke ciki, na sa a waya, na kifa ta a kan tabarma, na saurara kawai. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya, littafin Baba ba shi da kuskure ko ɗaya. Babu inda wani ya buɗe baki ya ce Gimbiya na'ura ce, sunanta kawai suke kira, tana amsawa kamar tana tsaye kusa da su. Babu wanda ya ambaci hannun ƙarfe, nuna shi kawai ake yi. Rana biyun ma a sama suke, ba a bakin kowa ba. Mutuwar Ɗan Azumi kuwa goge ne kaɗai ke tashi har aka rufe zango, ko kalma ɗaya babu. Amma tarin da yake yi kafin ya yi magana yana cikin littafi. Ƙarar ƙofar ɗakin iri tana ciki. Duk abin da kunne ke kamawa Baba ya kama shi, har wanda ni ban taɓa lura da shi ba.

Yanzu komai yana dawo mini. Baƙin tabarau da ya ce na rana ne. Moto, babur ɗin nan nasa, da ya sayar wai mai ya yi tsada. Da Sallah ya ce shuɗin atamfata ya yi mini kyau, na ji daɗi, na manta Gwaggo ce ta fara faɗin haka da ƙarfi tun ina bakin ƙofa. Muka ci tuwo, muka yi hira, muka tafi. 'Ya'yansa biyu, babu wanda ya gani. Ni kuma da na tashi, kunyar dariyar mutane ce ta fara kama ni.

Ana jarrabawa, ba za a sake ni ba sai an gama. Ka bar shanun nan ka tafi Gangara. Kar ka gaya masa kana zuwa.

Samira

*

Maradi, ranar Talata

Samira,

Assalamu alaikum. Ki zauna kafin ki karanta.

Na isa Gangara da hantsi. Na ishe shi a zaure yana ɓarar gyaɗa. Ban yi sallama ba, Allah ya yafe mini, na je na tsaya gabansa, inuwata a kan ƙafarsa. Ya ɗago fuska yana kallon gefen kafaɗata, ya ce, "Shatu, wane ne ya shigo?"

Ban san sadda na durƙusa ba. Gwaggo ta fito, tana ganina ta saki ƙwarya ta fashe da kuka. Ta ce, "Rantsuwa ya sa ni, ɗan nan. Ya ce in na hwaɗa muku bai yahe ba. Tun kahin waccan damina abin ya soma." Igiya ce ta ɗaura masa daga ƙofar ɗaki zuwa bayan gida, in an ji baƙi sai ta kwance.

Shi kuwa faɗa ya hau yi, wai an shigo masa gida kamar ɓarayi. Na bar shi ya gama. Sannan na ce, "Baba, Gimbiya fitila ce."

Ya ce, "Mi ka ce?"

Na sake faɗa. Na gaya masa na hannun, na gaya masa na Ɗan Azumi. Samira, ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba. Gyaɗar ta zube daga hannunsa. Can ya ce, "Yaron nan ya mutu, ina ta jira ya yi magana?" Sai kuma ya ce, "Ke nan dariya aka yi mini." Na ce wasu sun yi. Ban iya yi masa ƙarya ba.

Na tambaye shi me ya sa ya karɓi aikin alhali ya san halin da yake ciki. Ya ce, "Tun da na bar buro ba wanda ya taka ƙohwar gidan ga don yana buƙata ta. Sun zo da mota har Gangara. In ce musu mi?"

Da ƙyar na shawo kansa muka zo Maradi wurin likitan ido. Ba yana ba ce da ake cirewa. Hawan jinin ido ne, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Na hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama saura ɗan haske kaɗan. An ba da maganin ɗigawa, likita ya ce wataƙila ya riƙe wannan ɗin, wataƙila kuma ba zai kai ƙarshen shekara ba. Na tambaya da an zo bara fa? Sai kawai ya ci gaba da rubutu.

Na karanta wa Baba takardarki ta gaskiya. Ya sa na maimaita inda kika ce ranki bai kwanta ba. Gobe za mu koma gida. Ya ce in ɗauko biro, yana da saƙo, kuma kar in canza masa ko harafi.

Yayanki,
Ubaidullahi

*

Zuwa ga ɗiyata Samira,

Aminci ya tabbata a gare ki. Rubutun na yayanki ne, maganar tawa ce.

Ki zo ranar Juma'a, ko an gama jarrabawa ko ba a gama ba. Ki zo da rana tsaka. Ki yafa farin mayafi, ki tsaya a bakin zaure inda hasken yake, kuma kar ki yi magana sai na ce. Muryarki na san ta. So nake in gan ki.

Mahaifinki,
Zakariyya